Shalen da Ba na Bakin Teku Ba

Sallama gare ku 'yan uwana mata masu leƙowa shafin nan, har da mazan da ke karantawa a ɓoye sannan su biyo ni akwatin saƙo da wa'azi. Yau ban zo muku da raha ba. Wadda ta san zuciyarta ba ta ɗaukar takaici, gara ta ajiye wayar ta nemi ruwa ta sha tukuna.

Saboda sababbin zuwa bari in sake faɗa. Sunana Salamatou, ɗiyar Malam Alkasim da ke tsaron shagon yadin wani Balarabe a Bab Sharif. A nan Jidda aka haife ni, unguwar Sa'alaba, amma fasfona na Nijar ne, zamana a ƙasar nan kuma a jikin iƙamar Babana, wato takardarsa ta izinin zama, yake rataye. Ina ƙarama aka kai ni Damagaram wajen kakata na yi lakwal, wato boko, can na samo Faransancin da ban taɓa cin moriyarsa ba sai a wannan karon, shi ma da na san inda zai kai ni da na haɗiye abina.

Shi kuma Othman, shi ne mutumin da na shekara biyu ina ƙarar da cajin wayata a kansa. Kakanninsa Hausawa ne da suka biyo ta Sudan, suka samu jinsiyya, wato suka zama 'yan ƙasa, tun abin bai yi wuya ba. Gidansu a Safa yake, bene mai lif, ga direba. Yana jin Hausa sarai, amma in ya buɗe baki zai yi ta sai addu'a. "Kai" yake ce min kamar wani ƙaninsa, ni kuma don rashin aikin yi har daɗi abin yake min. Maganar aure kuwa kullum amsa ɗaya ce: ɗan ƙasa ba ya auren baƙuwa sai da izinin hukuma, izinin kuma yana hanya. Ban dai san ta inda ya biyo ba, ko a ƙafa yake tahowa.

Wata safiya, hutun tsakiyar shekara ya kusa, ina durƙushe ina kankare ƙanzon shinkafa sai wayata BB ta yi ƙara. Na goge hannu a zani na duba.

"Salma, kai kana nan? Akwai shugul, kai kaɗai ka iya."

"Ina nan. Wane aiki ne?"

"Abuya ya yi ritaya, yana so ya kai mu mu ga talj. Ƙanƙara ya'ni. Faransa, saman dutse. Za mu kama shale na iyali, inda ake ski."

"To ni mene ne nawa a ciki? Allah ya kiyaye hanya."

"Mai shalen tsohuwa ce, ba Arabi ba Ingilizi. Faransawi bas. Kai ka yi mata magana."

Na ƙi amsawa, don na ji haushi. Can sai ga wani saƙon ya faɗo.

"Har da kai za a je. Ummi ta ce."

Jama'a, na karanta layin nan har ya fara yi min dishi-dishi. Ummin tasa, Khala Mastura, matar da ko a biki muka haɗu yatsu biyu take miƙo min, wai ita ce ta ce har da ni. Nan take na gama saƙa da warwarata ni kaɗai. Na ce ba yadda za a yi mutanen kirki su ɗauki budurwa su ƙetare teku da ita ba su zo sun ga iyayenta an tsayar da magana ba. Kenan izinin nan ya iso, ko yana bakin ƙofa. Ban tambaye shi ba, wai ni kar in ɓata masa shirin ba-zata.

Na samu Inna a tsakar gida tana tsintar wake.

"Inna, su Othman za su kama shale a hutun nan. Mahaifiyarsa ta ce har da ni."

Ta ɗago. "Mastura da bakinta?"

"Haka ya ce."

"Kwana nawa za a yi?"

"Ya fi mako."

"Masu hali kenan. To ki je mana, ai cikin iyali ne. Ki dai kama kanki, ban da yawan dariya gaban uwarsa."

Saurin yardar ya ba ni mamaki, don Inna ko Makka ba ta bari in je ba tare da ita ba. Na ce, "Akwai sanyi fa sosai a wajen."

"Na sani, iskar can da asuba ba ta da kyau. Ki ɗauki suwaitar Babanki."

Na yi dariya na wuce. A raina na ce lallai Inna ta matsu in yi aure.

Daga ranar na zama ma'aikaciyar shale ba albashi. Kullum bayan azahar sai in haye saman rufinmu inda waya ta fi kamawa, in kira Madam mai gidan. Tsohuwa ce mai murya kamar ta mai mura, mijinta ya rasu ya bar mata gidan katako a wani ƙauye da ke maƙale a jikin dutse. Ta turo min hotuna. Rufin ya yi tozo da farar ƙanƙara, ga murhu a tsakiyar falo an jera masa itace har kusan silin, ga wani ɗaki da ba a komai a cikinsa sai busar da takalma. Daga ƙofar baya, in ji ta, mutum zai ɗaura dogayen katakan nan biyu a ƙafa ya sulala har gindin dutse, a ɗauko shi a wata kujera mai bin igiya a mayar da shi sama, ya sake sulalowa. Wannan shi ne ski ɗin da ake barin gari a je yi. Ni da ko a tayil ɗin banɗaki na zame sai na kwana biyu ina ɗingishi.

Ba abin da ban tambayar musu ba. Na ce banɗakunan akwai tiyon tsarki? Ta ce mene ne shi? Na yi ta bayani har kunya ta kama ni, ƙarshe muka daidaita za ta sayo 'yan robobin ban ruwan furanni ta ajiye a kowane banɗaki, su tsaya a matsayin buta. Na sa ta sayi sababbin tukwane da kasko, don ban san me aka soya a tsofaffin ba. Ta nemo min lambar wani mahauci ɗan Aljeriya a garin da ke ƙasan dutsen, mai yankan halal. Har alƙibla sai da ta fita da abin duba gabas na marigayi mijinta ta gano mana, ta ce tana saitin tagar da ke kallon cocin ƙauyen, ta yi dariya, ni ma na yi. Na tattaro lambar takalmin kowa a gidan, tun daga Ammi Bawa mahaifin Othman har autarsu, saboda takalman haya. Na nema wa ƙannensa malama mace da za ta koya musu zamiyar.

Ni na raba ɗakuna. Babban na ƙasa na ba iyaye saboda gwiwar Khala. Na gefen matakala na maza. Na can sama, mai gado biyu da taga mai kallon dutse, shi na ware wa kaina da Madina, ƙanwarsa da muke ɗan shiri. Har na fara ganin kaina a tagar nan da kofin shayi a hannu, Othman yana ƙasa cikin ƙanƙara yana ɗago min hannu. Kar ku yi min dariya, kowace a cikinku ta taɓa irin wannan haukar.

Wata rana Madam ta ce, "Ke surukar gidan ce?"

Na ce, "Saura ƙiris, Madam."

Ta ce to za ta ajiye min cakulan a kan matashi. Sannan ta ce akwai wani ƙaramin ɗaki a bayan kicin, gado ɗaya, tagarsa ba ta fi faranti ba. Wasu suna sa mai aikinsu a ciki, wasu su zuba akwatuna. Ta rufe shi ko ta gyara? Na tura wa Othman tambayar.

"Khalliha. A bar shi a buɗe."

Na san mai aikinsu ta tafi tun lokacin Hajji ba su samu wata ba, don haka na ce wa Madam na akwatuna ne.

Ita kuwa Inna tana ƙasa tana nata shirin. Ta daka yaji har unguwa ta ɗauki atishawa, ta yi dambun nama cike da babbar roba. In ta ji ni ina Faransanci a saman rufi sai ta girgiza kai ta ce, "Larabawan nan har Nasara suke ɗauka aiki yanzu." Ni ban kawo komai a raina ba.

Ranar wata Alhamis Othman ya rubuto cewa Umminsa za ta zo gidanmu bayan la'asar. Ku zo ku ga aiki. Muka wanke labule, muka canja rigunan matasan falo, Inna ta kashe tsohon kandishan ɗinmu mai tari don kar ya kunyata mu, ta bi kowane lungu da turaren wuta. Ta yi alkaki, ta dafa gahawa, ta jera dabino a farantin da ba ya fitowa sai da Salla. Ni na sa doguwar rigata ruwan zuma mai aiki a wuya, da 'yan kunnen zinaren Inna, na ja kwalli siriri don kar a ce na cika rawar kai.

Khala Mastura ta iso cikin abaya mai duwatsu a hannu, ƙamshinta ya riga ta shigowa. Ta cire takalmi tana waige-waigen inda za ta ajiye su. Ita kaɗai ta zo, ba wata dattijuwa a bayanta, kuma hannu rabbana, ko kwalin alewa babu. Na lura da haka, amma na ce wa zuciyata ta yi min shiru. Na durƙusa na gaishe ta, na zuba mata gahawa, na koma bakin ƙofa na zauna kaina a ƙasa.

"Fatouma, ya ukhti, yarinyarki mashallah," in ji ta. "Ta yi mana aikin da ofis ba zai yi ba."

"Ai ɗiyarki ce, Hajiya. Ni ma na ɗan yi muku tanadi, ga yaji ga dambu. In ba ku da gawayi mai kyau ku faɗa, kifi ba ya daɗi sai da shi. Kuma Salamatou akwai lura, za ta sa ido kar yara su yi nisa cikin ruwa."

Khala ta tsaya da kofi a hannu. "Wane ruwa?"

"Na teku mana. Ba Abhur za ku ba?"

Sai a lokacin na gane. Ku da ba ku san Jidda ba, a nan in aka ce shale abu ɗaya ake nufi: ɗan gidan hutu a bakin teku, can Abhur, inda mota za ta kai ka ka gasa kifi, yara su yi wanka, in ka ga dama ka dawo gida ka kwana. Shalen da Inna ta sani kenan tun zuwanta ƙasar nan, kuma shi ta yarda in je. Duk tsawon makonnin nan ina saman rufi ina raba ɗakuna a Faransa, ita tana ƙasa tana shirin gashin kifi.

Khala ta yi dariya har da ciro tishu tana goge gefen ido. "Abhur. La ilaha illallah. Faransa, ya Fatouma. Jirgi za a hau. Ƙanƙara za mu gani."

Inna ta juyo ta dube ni, irin kallon nan na za mu haɗu anjima. Sannan ta gyara zama. "Faransa da budurwa, Hajiya? A matsayin wa za ta bi ku?"

"Yauwa. Abin da ya kawo ni kenan."

Na ƙara sunkuyar da kai, har na fara murmushi a ɓoye.

"Kin san masu fasfo irin naku ba a ba su bizar can haka kawai, yarinya ba aiki ba miji. Mun tambaya. Hanya ɗaya ce, kuma mai sauƙi. A cire ta daga iƙamar babanta, Abu Othman ya zama kafilinta mai tsaya mata a hukuma, a rubuta mata aikin gida. Mai aiki tana bin iyalin da take wa aiki duk inda za su, ba a hana ta. Mai bin mana takardu ya ce kafin hutu halas, an gama."



"Khaddama kenan, 'yar aiki," Inna ta faɗa a hankali.

"Takarda ce kawai, ya ukhti. Mu ai mun san ko ita wace ce." Ta ɗauki alkaki ta gutsura. "Kuma kin san tun da aka daina kawo 'yan Indonesiya ban samu kowa ba, ga gwiwar nan. In ta ɗan kama min shayi da girki a can, ai ɗiya ce, ba baƙuwa ba."

Bari in gaya muku wace ce Innata, don ku san abin da na zauna ina jira. Kusan shekara ashirin ta yi tana aiki a gidajen mutane, daga Bani Malik har unguwannin da ban san sunansu ba. Ruwan wanki ya cinye mata hannu, har yau in sanyi ya shigo yatsunta tsagewa suke. Ranar da ta bar aikin ina nan, ta zauna a wannan falon ta rantse ɗiyarta ba za ta wanke kofin kowa ba sai na mijinta. Don haka na zauna ina jiran ta miƙe ta nuna wa matar nan ƙofa. Har tausayin Khala na fara ji.

Inna ta dubi hannuwanta ta ce, "Sai Malam ya dawo, za mu yi shawara."

Iyakar abin da ta ce kenan. Ta ma ɗauko yajin da dambun ta sa a leda, ta raka ta da su har bakin mota.

Ban jira ta dawo ba na haye sama da rigar kwalliyata na kira shi. Bugu ɗaya ya ɗauka, alamar yana zaune yana jira.

"Ka sani?"

"Salma, isma'ini, saurara."

"Ka sani ko ba ka sani ba?"

"Na sani. Bas wallahi shawara ce mai kyau. Kai za ka zauna kusa da Ummi, ta gan ka kullum, ta so ka."

"Ta gan ni ina wanke mata tukunya."

"La, ba haka ba."

"Ɗakin bayan kicin da ka ce a bar shi a buɗe, na wa ne?"



"Madina za ta zo da 'yar khalarmu, ɗakin sama ya cika. Bas wancan yana da ɗumi, kusa da murhu yake."

Ni na zaɓi gidan, ni na sa aka sayi tukwanen, ni na tambayo ɗakin da bakina. Ashe duk wannan wahalar wajen aikina nake gyarawa. Na ƙi yin kuka, don kar ya samu abin rarrashi.

"To auren fa? Ranar da za ka je ka ce za ka auri mai aikin babanka, me za ka gaya wa hukuma? Me za ka gaya wa danginku da suka gan ni ina miƙa musu shayi?"

"Ba'dain, daga baya za a canja takardar."

"Othman, ka ji tsoron Allah ka gaya min gaskiya. Ka taɓa ma kai takardar neman izinin nan?"

Ya ja numfashi. "Ummi ta ce a bari sai bayan tafiya."

Shekara biyu izini yana hanya, ashe ko gida bai baro ba. Na kashe wayar. Ya yi ta turo saƙo, "Salma", "Salma ruddi", "kai ka yi fushi?", har da hoton fure. Na kife ta a kan tankin ruwa na bar ta tana ta zuga ita kaɗai.

Bayan magariba Baba ya dawo. Inna ta zuba masa tuwo, ta zauna ta gaya masa komai, har da maganar Abhur, ba ta rage ba. Na ɗauka zai ture kwanon. Sai ya ci gaba da cin abincinsa a hankali, ya gama, ya wanke hannu, sannan ya kira ni.

"Zauna, uwata. Akwai maganar da na riƙe, na so sai bayan hutu in faɗa muku." Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. "Mai shagonmu jiki ya ƙi, 'ya'yansa za su sayar da wajen. Sun ce ba za su sabunta min iƙama ba. Na zaga, ba mai son ɗaukar kafalar tsoho. In wadda ke hannuna ta ƙare, fita ce ba dawowa, ni da duk wanda ke jikinta."

Na dubi Inna. Ba ta yi mamaki ba, ashe ta riga ni sani. Shi ya sa matar nan ta fita da yajinmu maimakon zagi.

"Ban ce ki yarda ba, ban ce ki ƙi ba," in ji Baba. "Ke ba yarinya ba ce. Na dai ga bai kamata ki yanke shawara ido a rufe ba." Ya mayar da hularsa ya fita masallaci, ya bar ni da Inna.

Na ce, "Na gwammace in bi ku gida."

"Ki bi mu ki yi me? Kakarki ta rasu, gidan an raba. Mu kanmu ba mu san inda za mu sauka ba."

"Ko me zan yi ya fi wannan."

"Ke kika sani? Ni na yi, ban mutu ba."

"Inna, ke ce fa kika rantse a falon nan."

"Na rantse lokacin Babanki yana da iƙama." Muryarta ba ta ko girgiza ba. "In kina cikin gidan, yaron nan yana ganinki safe da yamma, wata rana kunya za ta kama shi. In kika hau jirgin Yamai, kafin azumi ya manta sunanki. Ni ba zan iya ba ki zaman ƙasar nan ba, Salamatou. Su za su iya."

"Da sunan 'yar aiki."

"Da sunan da ya samu."

Na ce ban yi, na kuma faɗa ban yi. Ta tattara kwanuka ta shige kicin. Tun daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu, ita ma a taƙaice. Na ji haushin Khala Mastura, na ji na Othman ninki, amma na Inna ya fi ci na, don ita ta san abin da ke cikin aikin nan, ba labari aka ba ta ba.

Ana cikin haka Madam ta kira ni da kanta, murya cike da murna. Wai ƙanƙara ta sauka mai kyau, irin wadda masu ski ke so, itace ya bushe, robobin tsarki suna nan kala-kala. Ta ce ta buɗe ƙaramin ɗakin ya sha iska, ko za ta cire gadon don akwatuna su samu wuri?

Wallahi maganar tana kan harshena. Kalma ɗaya zan faɗa, in ce an fasa tafiyar, shalen ya tafi hannun wasu. Ba mai jin yaren matar nan a gidansu, kafin su farga hutu ya wuce, su je Abhur ɗin su gasa kifi. Na buɗe baki zan faɗa, sai na ji kaina ina cewa, "Ki bar gadon, Madam." Ku zage ni in kun ga dama. Ni kaina ban san ko tausayin tsohuwar da ta sayi tukwane ne ya hana ni ba, ko kuwa ragowar son banzan nan ne da ya ƙi fita.

Jiya da hantsi ina shara sai ga saƙonsa.

"Ummi ta aiko maka kayan sanyi. Direba yana ƙasa. Gwada, min fadlik."

Ban amsa ba, ban kuma sauka ba. Inna ce ta yafa mayafi ta je ta karɓo. Ta shigo da babbar jaka ta ajiye min a kan gado ta fita.

Na daɗe ina kallon jakar kafin in zuge ta. A sama akwai tsohuwar rigar sanyin Madina mai hula, da safar hannu, da wasu takalma masu gashi a ciki. A ƙasa kuma, a ninke cikin leda, riga da wando ne kala uku, shuɗi da toka da ruwan hoda, masu farar kwala da manyan aljihuna biyu a gaba. Duk wadda ta taɓa shiga gidan masu hali a garin nan ta san kayan, ba sai an gaya mata na su wa ne ba.

Na rubuta masa, "Wannan fa?"

"Don ranar biza bas. Su ga kamar gaske."

Wa zai ga abin da ke ƙarƙashin abaya a ofishin biza? Kuma rana ɗaya ce ke cin kaya kala uku? Na juya cikin rigar. An yi mata shafi mai kauri, mai laushi, irin wanda ba mai iya sa shi a zafin Jidda. Na ƙasar ƙanƙara ne, an ɗinka shi don mai tashi da asuba ta hura murhu.

Ban san abin da ya sa na saka ba. Ina jin so nake in ga ta yi min yawa ko ta matse ni, in samu abin da zan jefa musu a fuska. Na zura shuɗiyar na tsaya gaban madubi. Kafaɗa ta zauna daidai. Ƙugu daidai. Ni da duk rigar kanti sai an rage min hannu, wannan hannunta ya tsaya cif a wuyan hannuna. Ba a kasuwa aka ɗauko ta ba, tela ne ya yanka ta da awona, kuma Othman bai san awona ba, uwarsa ma ba ta sani ba.

Ta cikin madubin na hango ta. Inna ce tsaye a bakin ƙofa, allura da zare a hannunta, idanunta sun yi ja. Ba ta yarda mun haɗa ido ba, rigar kawai take kallo.

"Na ce wa telan ya saki ƙasan kaɗan saboda durƙuso," ta ce. "Juya in ga bayan."

Na juya.